Kafin Ka Jefar da Ƙwayar: Abin da Na Koya Game da Canza Maganin Ciwon Damuwa



Waɗanda muke aji ɗaya da su za su tuna lokacin da aka laƙaba mini suna "Sarkin Barci" a farkon shekarar nan tamu ta ƙarshe. Lakcar ƙarfe takwas ba ta ganina, in ma na zo, kafin malami ya gama rubuta kan darasi na fara gyangyaɗi. Wasu sun ce na fara shaye-shaye ne, wasu sun ce ina kwana kallon fim a waya. Duk ba haka ba ne. Magani nake sha na ciwon damuwa, kuma shi ne yake kayar da ni.

Na daɗe ina shawarar in rubuta wannan ko in bari, don mun san yadda bakin mutane yake. Abin da ya sa na yanke shawara shi ne, a zangon nan kaɗai mutum biyu sun same ni a ɓoye da tambaya iri ɗaya: "Maganin nan bai karɓe ni ba, in daina ne ko in sayi wani?" Ni ba likita ba ne, ɗalibi ne kamar ku. Amma na yi kuskuren da suke shirin yi, na kuma ji a jikina. Sunayen magungunan zan rubuta su yadda suke a jikin kwali, don wanda ya gani ya gane.

Yadda abin ya faro

Bayan jarabawar ƙarshe ta shekarar farko na koma gida Kwandiko, a ƙaramar hukumar Gwaram. Damina ce, kowa yana gona, ni kuwa ina ɗaki a kwance. Ba barci, ba cin abinci, ba na son jin maganar kowa. Ƙarfe uku na dare idona biyu, ina ta lissafin duk abin da na taɓa yi ba daidai ba. Inna ta ce sammu ne, aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya. Da aka shiga wata na biyu, Yayana ya ce a haɗa da asibiti, tunda neman magani ba ya hana addu'a. Likita ya yi mini tambayoyi kusan minti arba'in, sannan ya ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani.

Wannan ciwon ba ɓacin ran kwana biyu ba ne. Likitoci suna kiransa ciwo idan ƙuncin zuciya ko rashin jin daɗin komai ya kai aƙalla mako biyu, kusan kullum, har yana taɓa barci, ci, tunani da aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi. Ashe dai ba ni kaɗai ba ne.

Aka rubuta mini amitriptyline, miligiram 25 da dare, aka yi ta ƙarawa a hankali har 75. Tsohon magani ne, tun farkon shekarun 1960 ake amfani da shi. Yana da araha, ana samunsa kusan ko'ina, yana kuma sa barci, wanda a lokacin shi nake nema ido rufe. Gaskiya ya yi mini aiki. Cikin mako biyar na fara cin tuwo kamar mutum, na fara zama a majalisa.

Matsalar ta fito ne da na dawo makaranta. A gida in na kai ƙarfe tara ina barci ba wanda zai ba ni sifili. A nan kuwa akwai rajistar halarta. Bakina kullum a bushe kamar na ci garin kwaki ba ruwa. Bayan gida sai in yi kwana uku ban je ba. In na miƙe da sauri daga sujada jiri ya ɗebe ni. Wandunana suka fara matse ni. Wata ranar Lahadi na duba katin maganin na ce, ai na warke, me zan ci gaba da wahalar da kaina? Na cusa shi ƙasan akwati.

Kwana na uku na tashi da tashin zuciya, ciwon kai, gumi da ciwon jiki. Da dare munanan mafarkai. Na ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, na je wani kemis aka haɗa mini magani ba tare da gwaji ba. Bai yi komai ba. Rana ta shida na kira Yaya ina kuka. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kai, ka sa takalminka, gobe ka koma wajen likita. Zan turo maka kuɗin mota."

Canza magani ba faɗuwa ba ce

Na shiga ofishin likita ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Malam, laifinka ɗaya ne, ba ka zo ka gaya mini ba. Da ka zo, da tuni mun canza."

A ranar na san cewa canza irin wannan magani abu ne da ake yi kullum. Akwai wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna STAR*D, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, aka bi marasa lafiya kusan 4,000. Kimanin mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya warware sarai da maganin farko. Cikin waɗanda aka canza wa wani magani a mataki na biyu, kusan ɗaya cikin huɗu ya warware. Wato wanda maganin farko bai karɓe shi ba, yana cikin masu rinjaye ne. Haka kuma a 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21. Dukkansu sun fi ƙwayar da ba magani a cikinta aiki, kuma tazarar da ke tsakanin yawancinsu ba mai yawa ba ce. Inda suka fi bambanta shi ne irin wahalar da kowanne yake ba jiki. Shi ya sa sau da yawa zaɓen magani yana komawa ne kan tambayar wace illa ce za ka iya zama da ita.

Dalilan canzawa a taƙaice uku ne. Na farko, maganin bai yi aiki ba, bayan an sha shi kullum a kan adadin da ya dace har mako huɗu zuwa shida. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci, domin ba kamar farasitamol ba ne da za ka sha ka ji sauƙi cikin awa guda. Yawanci illarsa ce take fara zuwa, amfanin ya biyo baya bayan mako biyu zuwa huɗu. Mutane da yawa a wannan tsakanin suke jefar da shi. Na biyu, ya yi aiki amma illarsa ta hana ka rayuwa, irin nawa ke nan. Na uku, wani sabon yanayi ya shigo: juna biyu, ciwon zuciya, wani maganin da ba sa jituwa, ko kuma maganin ya yi tsada ko ya ɓace a kasuwa.

Kowanne da halinsa

Magungunan da aka fi rubutawa a asibitocinmu kashi biyu ne. Kashi na farko tsofaffin, su amitriptyline da imipramine. Illolinsu su ne waɗanda na lissafa: barci, bushewar baki, taurin bayan gida, jiri, ƙiba, wani lokaci wahalar fitsari da dishi-dishin gani. Suna taɓa bugun zuciya, shi ya sa ake kaffa-kaffa da su ga tsofaffi da masu ciwon zuciya. Kuma in aka sha su fiye da ƙa'ida suna iya kisa, don haka ba a ajiye su inda yara za su kai hannu, kuma wanda yake cikin mummunan hali gara wani na gida ya riƙe masa yana ba shi.

Kashi na biyu su ne na baya-bayan nan, masu aiki a kan wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira serotonin: fluoxetine, wanda aka amince da shi a Amurka a 1987, sai sertraline, escitalopram da paroxetine. Ba su cika sa barci ba, ba su kai tsofaffin haɗari ga zuciya ba. Amma suna da nasu: tashin zuciya, gudawa, ciwon kai, rashin barci, da wata irin rashin natsuwa a makonnin farko. Akwai kuma wadda kowa yake jin kunyar faɗa, wato raguwar sha'awa ko jinkirin gamsuwa. Ma'aurata da yawa saboda wannan suke daina sha a ɓoye. Likita ba zai sani ba sai ka faɗa, kuma akwai abin da zai iya yi. Akwai wasu kamar mirtazapine, wanda ba ya cika taɓa sha'awa, amma yana buɗe ciki da sa barci, ga shi ba a ko'ina ake samunsa ba.

Ka ga ke nan babu maganin da ya fi kowanne. Manomin da rashin barci ya addabe shi, ya rame, amitriptyline na iya zame masa alheri. Ɗalibi mai lakcar safe, ko direban da ke bin hanyar Birnin Kudu zuwa Kano, barcin nan na iya zame masa bala'i.

Yadda ake auna illa

Likitan ya sa na sayi ƙaramin littafi. Kullum kafin in kwanta in rubuta abu huɗu: awa nawa na yi barci, yaya cin abinci, yaya zuciyata daga 1 zuwa 10, da duk wani baƙon abu da na ji a jiki. Da farko na ga kamar wasan yara. Daga baya na gane amfaninsa, domin mai ciwon damuwa in ka tambaye shi yaya makon nan, ranar da ta fi muni kaɗai yake tunawa.

Daga wannan littafin na koyi raba illa gida uku.

Akwai mai wucewa. Tashin zuciya da ciwon kai na sababbin magungunan yawanci suna lafawa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Waɗannan haƙuri ake yi da su.

Akwai wadda ake yi wa dabara. Mai sa barci a sha da dare, mai hana barci a sha da safe. Mai tayar da zuciya a sha bayan an ci abinci. Taurin bayan gida, a yawaita ruwa da ganye, zogale da rama ba su da tsada a wajenmu. Jiri, a riƙa miƙewa a hankali. Wani lokaci rage adadin maganin kaɗan ya isa, amma likita ne zai rage.

Sai wadda ba a jira da ita ko kwana ɗaya. Idan tunanin kashe kai ya zo ko ya ƙaru bayan fara magani ko canza shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin hukumar kula da magunguna ta Amurka tun 2007 ta faɗaɗa gargaɗinta a kan haka ga matasa 'yan ƙasa da shekara 25, musamman a makonnin farko. Haka nan idan mutum ya daina barci kwata-kwata amma ba ya jin gajiya, yana surutu ba tsayawa, yana kashe kuɗi ba lissafi, yana jin ya fi kowa. Wannan na iya nuna wani ciwon ne daban mai hawa da sauka, kuma maganinsa daban. Sai suma, farfaɗiya, bugun zuciya ba daidai ba, ƙuraje da kumburin fuska, ko zazzaɓi mai zafi tare da karkarwa da ruɗewa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti kai tsaye, kuma ya gaya wa wani na kusa da shi.

A ƙarshe tambayar da ake ɗorawa a sikeli ita ce: me maganin ya dawo mini da shi, me ya ƙwace mini? Ni ya dawo mini da barci da ci, ya ƙwace mini safiya. A shekarar ƙarshe, ga furojet ga jarabawa, safiyar nan ba zan iya sayar da ita ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka wannan awon kai ne za ka kawo bayaninsa, likita ya kawo iliminsa.

Yadda ake canzawa

Abin da ya same ni da na daina sha yana da suna a wajen likitoci, alamomin yanke magani ne. Jiki ya saba da shi, aka janye masa lokaci guda. Wannan ba irin kamun da tiramadol ko kodin ke yi ba ne, domin ba ya sa maye, ba ka jin ƙishirwar ƙara adadi. Amma wahalar gaskiya ce. Wasu har suna jin kamar ana ja musu wutar lantarki a kai. Paroxetine da venlafaxine sun fi yin haka saboda suna fita daga jiki da wuri. Fluoxetine kuwa yakan yi makonni kafin ya gama fita.

Saboda haka hanyar canzawa ta danganta da daga wanne za a koma wanne. Wani lokaci a tsayar da wannan yau a fara wancan gobe, in danginsu ɗaya ne. Wani lokaci a riƙa rage tsohon ana ƙara sabon a lokaci guda. Wani lokaci a rage tsohon har ya ƙare, a bar 'yan kwanaki, sannan a fara sabon. Ni an mayar da ni kan amitriptyline kaɗan don jikina ya natsu, aka rage shi zuwa 25, sannan aka fara mini fluoxetine miligiram 20 da safe, daga baya aka cire tsohon gaba ɗaya. Dalilin bi a hankali shi ne fluoxetine yana hana hanta sarrafa amitriptyline da sauri, sai ya taru a jini. Wannan lissafin ba na mai kemis ba ne, ba kuma na abokin ɗaki da ya ce "nawa ya fi naka kyau, gwada" ba.

Mako na farko a kan sabon na sha wahala. Zuciyata tana tashi, barci ya ragu, ƙafata ba ta zama wuri ɗaya. Na rubuta a littafi, na kira asibiti, aka ce in ci gaba amma in dawo nan da mako guda. A mako na uku abin ya lafa. A mako na shida na zauna lakcar ƙarfe takwas daga farko har ƙarshe, na rubuta shafi huɗu.

Abubuwan da suka shafe mu a nan

Akwai wasu abubuwa da ba za ka cika gani a rubutun Turawa ba, amma mu kullum muna cin karo da su.

Na ɗaya, tiramadol. Haɗa shi da waɗannan magungunan na iya sa serotonin ya yi yawa a jiki, ya kawo zazzaɓi, karkarwa, ruɗewa ko farfaɗiya. Duk wanda yake sha, ko don aikin gona ne ko don karatun dare, ya faɗa wa likita gaskiya. Ba ofishin NDLEA ka je ba.

Na biyu, maganin zazzaɓin cizon sauro. Takardar da ke cikin kwalin artemether da lumefantrine, wanda muka fi sani da Coartem, ta yi gargaɗi a kan haɗa shi da amitriptyline da imipramine saboda bugun zuciya. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, in aka haɗa su da su fluoxetine, haɗarin zubar jini a ciki yana ƙaruwa. Duk inda za a ba ka magani, ka faɗi wanda kake sha. Har da na gargajiya.

Na uku, azumi. Yawancin waɗannan magungunan sau ɗaya ake sha a rana, don haka ana iya daidaita su da sahur ko bayan buɗa-baki. Amma bushewar baki da jirin amitriptyline a zafin Maris da Afrilu ba wasa ba ne. A yi maganar da likita tun cikin Sha'aban, kada a bari sai an ga wata a yanke shi.

Na huɗu, kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga ƙauyukan Gwaram zuwa Birnin Kudu kaɗai ya isa ya hana mutum komawa asibiti, ga magani ya yi tsada. Kafin a canza maka, ka tambaya: nawa ne na wata guda, kuma a ina zan riƙa samu? Maganin da za ka iya saye wata shida a jere ya fi wanda za ka sha mako uku kuɗi ya yanke. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ka sayi na gaba tun saura na mako guda.

Na biyar, 'yan uwa mata. Wadda take da juna biyu, ko take shirin aure, ko take shayarwa, ta faɗa tun farko. Akwai waɗanda ake guje wa, kamar paroxetine a farkon ciki, akwai waɗanda aka fi natsuwa da su. Amma kada ta yanke da kanta ranar da ta ga gwaji ya nuna ciki.

Ina za a je?

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Amma ba dole sai wajensu za a fara ba. Likitan babban asibiti yana iya dubawa, ya fara magani, ya tura gaba in da buƙata. A yankinmu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Dawanau. Ɗalibi zai iya farawa da kilinik ɗin makaranta ya karɓi takardar turawa. Kuma tun watan Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya, har da na a yi masa bayani a kuma rufa masa asiri. Tambayar likita "me ya sa wannan maganin?" ba rashin kunya ba ce.

Magani kuma ba shi kaɗai ba ne. Zama da mai ba da shawara, motsa jiki, tsara lokacin barci, addu'a, da samun mutum ɗaya da za ka gaya wa gaskiya, duk suna taimakawa. Ni Yayana ne. Har yau duk daren Juma'a sai ya kira ya ce, "Yaya littafin namu?"

Yanzu wata na biyar ke nan a kan sabon maganin. Ina jin lafiya, amma ba zan daina ba tukuna, domin ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla wata shida bayan an warware, in ba haka ba ciwon yana saurin dawowa. Likita ya ce bayan mun gama jarabawar ƙarshe za mu zauna mu tsara yadda za a rage shi sannu a hankali. Inna har yanzu takan tambaye ni yaushe zan rabu da ƙwayar nan. Nakan ce mata, "Inna, sai likita ya ce." Ita kuma ta ce Allah ya sawwaƙe, ta miƙo mini ruwa.

Ga ku biyun da kuka tambaye ni, da duk wanda yake da kati a ƙasan akwati: ku fito da shi, ku rubuta abin da yake muku, ku kai wa wanda ya rubuta muku shi. In kuɗin mota ne matsala, ku gaya wa wani. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu gama karatun nan lami lafiya.